Malaman da Babu Sunansu a Takardar Albashi

A ƙauyuka da dama na ƙasar Hausa, irin waɗanda sai an sauka daga kwalta an bi burji ko turba kafin a isa, ƙararrawar makarantar firamare tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshen darbejiya. Sau da yawa wanda ke fara buga shi da safe ɗan garin ne, domin hedimasta a hedikwatar ƙaramar hukuma yake zaune, sai ya sami ɗan acaɓa ko ya zuba wa babur ɗinsa mai kafin ya iso. Mai bugawar kan kasance saurayi ko sabon magidanci da ya gama sakandare, ko ya yi NCE ya dawo gida da takarda a cikin leda. Yara na ce masa Malam, iyayensu ma haka, har dattijon da ya yi masa huɗuba ranar da aka haife shi. Amma in aka buɗe takardar albashi a ofishin sakataren ilimi, ba za a ga sunansa ba. Shi ne malamin sa-kai.

Aikinsa kan fara tun kafin rana ta ɗaga. Bayan asuba yana bin lungu, ya tsaya ƙofar wannan gida ya yi sallama, ya leƙa zauren wancan. Ya san yaron da jiya bai zo ba, ya kuma san dalili tun kafin a gaya masa, domin gonarsu na maƙwabtaka da ta mahaifin yaron. Da damina, lokacin noman farko da maimai, aji kan zabge rabi. Da kaka ana roron wake da tugun gyaɗa, haka. Ranar kasuwa kuwa 'yan mata na can da farantin talla a ka. Malamin da ya san garinsu ba ya yi wa uba wa'azin amfanin boko a ƙofar gidansa. Durƙusawa yake ya gaishe shi, ya ce Baba a ba ni aronsa zuwa ƙarfe goma, in an fita tara ni da kaina zan turo shi gona. Sau da yawa ana ba shi. Awa biyu a aji ba ta isa ba, kowa ya sani, amma yaron da ya zo na awa biyu gobe ma ana iya samunsa, wanda ya yi wata guda bai leƙo ba kuwa kunya ma kan hana shi dawowa.

Daga nan sai shara. Ajin da ba shi da ƙyaure awaki ne ke kwana a ciki, don haka kafin a shimfiɗa buhu ko tabarma sai an share kashinsu. Allo ya koɗe har rubutu ba ya fita, sai a daka gawayi ko a fasa tsohon batir a kwaɓa baƙin da ruwa a shafe shi, a jira ya bushe. Alli kuwa, in kwalin da aka kawo farkon zango ya ƙare, daga aljihun wani za a sayo, kuma galibi an san aljihun wa.

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Wanda ya zaga makarantun karkara a Kano, Jigawa, Katsina, Bauci, Sakkwato ko Zamfara ya san akwai inda malaman gwamnati biyu ko uku ke riƙe da aji ɗaya zuwa shida, ɗayansu kuma shi ne hedimasta, wanda rabin lokacinsa na tafiya wajen taro da kai rahoto ofis. Giɓin nan malamin sa-kai ke cikewa. Zai rubuta wa 'yan aji huɗu lissafi a allo, ya ɗora monita a kansu, ya fita gindin bishiya inda 'yan aji ɗaya ke zaune a ƙasa, ya sa su share yashi da tafin hannu su zana baƙi da yatsa. Kayan lissafinsa tsakuwa ne da murfin kwalba da guntayen karan dawa da aka ɗaure goma-goma da zare. Tsakanin aji biyun yana raba faɗa, yana lallashin wadda aka kawo yau tana kukan Inna, yana kora ƙanen wata da ta zo goye da shi ya sauka ya nufi rijiya.

Abin da ya fi damun mai lura da wannan aiki shi ne yawan yaran da ke kai wa aji huɗu ko biyar ba su iya haɗa baƙi da wasali ba. Suna iya rera abin da aka rubuta a allo gaba ɗaya da murya guda, kamar karatu ya zauna, amma a ware yaro ɗaya a nuna masa kalmar “gida” sai ya yi shiru yana kallon ƙasa. A nan ne aka fi ganin bambancin malamin da aka taɓa ba horo, ko na mako guda ne, da wanda ba a taɓa ba. Shirin Mu Karanta, wanda hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta tallafa a Bauci da Sakkwato, da shirin RANA da aka yi a Katsina da Zamfara ƙarƙashin aikin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, duk a kan tushe ɗaya suka tsaya: a fara koya wa yaro karatu da Hausar da ya zo da ita daga gida, sauti-sauti, gaɓa-gaɓa, kafin a ɗora masa Turanci. Akwai kuma dabarar da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da ita, wadda ita ma da 'yan sa-kai na ƙauyuka ta yaɗu a can. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai, sannan a raba su gwargwadon abin da suka iya maimakon ajin da suke: waɗanda ba su san baƙi ba a gefe guda, masu haɗa gaɓa a gefe, masu karanta jimla a gefe. An gwada ta a Borno, an kuma gwada a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano. Ba ta bukatar kwamfuta ko lantarki. Abin da take bukata mutum ne da zai zo kullum, ya san yaran da sunayensu, ya kuma iya harshensu. Wannan siffar malamin sa-kai ce. Ɗan bautar ƙasa da aka turo daga nesa yana iya fin sa takarda, kuma da yawansu sun yi abin a yaba, amma shekara guda yake yi, wata ukun farko ma da hannu yake magana da 'yan aji biyu.

Me ake ba malamin sa-kai? Mutanen gari ba sa kiran abin albashi. “Kuɗin sabulu” suke cewa, ko “ɗan abin sa mai”. Daga karo-karon ƙungiyar iyaye da malamai yake fitowa, in an samu. Wani lokaci malaman da ke kan albashi ne ke yanka wani abu daga nasu ƙarshen wata su haɗa masa, abin da ba a cika faɗa ba in ana zagin malaman firamare. Da kaka wani uba kan aiko da tiya biyu ta gero ko damin dawa. Akwai watannin da ba a ba shi komai. Tun da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, tazarar da ke tsakaninsa da abokin aikinsa na aji na gaba ta ƙara faɗi, alhali allo ɗaya suke shafawa. Akwai ma wani ƙulli da ba a cika lura da shi ba. Idan gwamnati ta shelanta ilimi kyauta kuma dole, kamar yadda Kano ta yi a 2019, ana hana makarantu karɓar kuɗi daga iyaye, kuma manufar mai kyau ce. Amma duk makarantar da kuɗin gudanarwa bai iso mata a kan kari ba, ɗan karo-karon da ake sayen alli a sallami malamin sa-kai da shi ne ya tsaya, babu kuma abin da ya maye gurbinsa.

Yadda giɓin ya samu

Makarantun firamare sun bazu cikin karkarar Arewa ne da shirin UPE na 1976, lokacin da aka buɗe su da yawa a lokaci guda har malamai suka yi ƙaranci. A 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimi a matakin farko, bisa sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na hukumar UBEC. Mafi yawan wannan kuɗi gini da kujeru da littattafai yake yi. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. Shi ya sa za ka ga sabon gini mai fenti da allon sanarwar kwangila a bakin hanya, ka shiga ka tarar babu mai koyarwa. Gini ana buɗe shi da almakashi a ɗauki hoto, ɗaukar malami kuwa nauyi ne na gomman shekaru. Tsofaffin malamai na ritaya, wasu na rasuwa, ana ɗaukar shekaru ba a cike gurbinsu ba. Wanda aka tura ƙauye kuma tun daga ranar da ya kama aiki yake neman hanyar da za a dawo da shi gari, kuma ban ga laifinsa sosai ba: babu gidan malamai, babu asibitin da zai kai iyalinsa, sannan tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin zuwa da dawowa kullum na cinye kaso mai tsoka na albashinsa. Malamai mata sun fi wahalar samuwa, kuma rashinsu na daga cikin abin da ke sa uba ya cire 'yarsa da zarar ta fara girma.

UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, ƙiyasin UNESCO na 2022 da ya haɗa har da 'yan sakandare kuwa ya kai kimanin miliyan 20. Ana yawan kawo waɗannan alƙaluma a taro. Wanda ba a cika ƙirgawa ba shi ne yaron da sunansa ke cikin rajista, yana zuwa, yana zama, amma babu wanda ya shigo ajinsu yau.

Ba masu riƙe alli kaɗai ke sa-kai ba. Tun tsakiyar shekarun 2000 aka amince kowace makaranta ta sami kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda aka fi sani da SBMC, kuma shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 ya horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, ciki har da Kano, Kaduna da Jigawa. A takarda kwamitin ya ƙunshi hedimasta, mai unguwa ko wakilin dagaci, liman, mata, matasa, masu sana'a da wakilan ɗalibai. A wasu garuruwan suna ne kawai a jikin bango. Inda ya rayu kuwa za ka gane tun daga nesa. Iskar farkon damina ta yaye kwano, ba a jira ɗan kwangila ba, liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, kafinta ya zo da guduma, wani ya ba da azara, samari suka yi kwaɓa aka toshe inda bango ya tsage. Burtsatse ya lalace, an yi karo-karo an kira mai gyara. Wani manomi ya fara cin filin makaranta kunya-kunya duk shekara, mai unguwa ya sa aka dasa cediya a kan iyaka.

Su kuwa ƙungiyoyin iyaye mata, aikinsu ya fi shiga inda namiji ba ya iya shiga. Dattijuwa ce za ta ɗauki mayafinta ta shiga cikin gida ta zauna da uwar yarinya, su yi maganar da ba a yi a zaure. Uwa ba ƙin karatu take ba. Da ribar tallan nan take tara kayan ɗakin 'yarta, kuma babu wanda zai tara mata in ta daina. Sai a nemi sulhu: a mayar da tallan yamma, ko a sa uwar cikin adashi ta ja jari ta sayar daga gida. Su ne kuma suke fara faɗin abin da hedimasta ke jin nauyin faɗa, cewa makarantar da ba ta da makewayi ba za ta riƙe yarinya mai shekara goma sha biyu ba, ko da wane irin malami aka kawo.

Wannan ɗabi'a tana da tushe a ƙasar nan, tun kafin zuwan kowace ƙungiyar agaji. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa wa dattijuwa malfa ta zama jaji, ta jagoranci matan ƙauyensu su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda ba su iya fitowa ba. Babu albashi a ciki. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci da Malam Ahmadu Kumasi ya yi fice wajen jagoranta, mutanen gari da suka iya karatun boko ne ke tara manya da yamma, da littattafan da hukumar NORLA ke bugawa a Zariya. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a kan irin wannan turba. Sama da duka akwai gayya, wadda kowane ɗan ƙauye ya sani. Sai dai gayya tana da ƙa'ida: ta yini guda ce, mai gona yana dafa abinci ya dama fura, kuma gobe in ta zagayo kanka za a zo maka. Malamin da ya shekara bakwai yana koyar da 'ya'yan gari kyauta, har ya yi aure ya haihu a haka, ya wuce gayya. Aikin ma'aikaci yake yi, haƙƙin ma'aikaci ne kawai bai samu ba.

Gwamnatoci sun san da malaman sa-kai. Shirin N-Power na 2016 ya tura matasa masu takarda makarantu da alawus na naira 30,000 a wata, har ma da sunan 'yan sa-kai ake kiransu, amma na wa'adi ne, kuma kukan bashin alawus ya bi shi. A 2017 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 611 don shirin BESDA a jihohi 17, aka ɗauki dubban masu koyarwa na wucin gadi, daga baya Kano ta mayar da dubbai daga cikinsu ma'aikatan dindindin. Jigawa ta yi nata mai suna J-Teach, ita ma ta tabbatar da wasu. Waɗannan matakai ne na gaske, sun kuma canza rayuwar gidaje da yawa. Amma koken da aka fi ji a bakin malaman sa-kai na can cikin lungu shi ne, ranar da gurbi ya fito labarin ba ya iso su sai an gama rabo. A cike fom ta intanet a garin da sai an hau tudu ake samun sabis, a kawo takardar wani babba, a je hedikwata sau uku. Ƙarshenta a turo wani daga birni wanda zai zo sau biyu a mako, wanda ya riƙe ajin shekara da shekaru kuma ya ci gaba da riƙe masa.

Dole a faɗi ɗaya ɓangaren. Zama ɗan sa-kai ba ya mayar da mutum gwani. Akwai wanda shi kansa lissafin aji biyar na ba shi wuya, akwai wanda bai san wata dabara ba sai bulala, akwai wanda ya zo ne kawai don sunansa ya shiga layi. Jarrabawar da Kaduna ta yi wa malamanta a 2017, wadda aka ce mutum 21,780 cikin kimanin 33,000 suka faɗi, ta jawo gardama mai zafi kan adalcinta, amma ta tuna wa kowa cewa tsayuwa gaban allo daban, koyarwa daban. In haka ta faru da masu albashi, babu dalilin ɗauka cewa marasa albashi sun tsira. Ɗan talaka na ƙauye bai cancanci a ce masa ya yi haƙuri da duk wanda aka samu ba. Abin da nake gani shi ne a san su tukuna: kowane sakataren ilimi ya riƙe rajistar masu koyarwa kyauta a yankinsa da shekarun da kowa ya yi. In an kira bita a kira su, kada a ce sai mai lambar ma'aikaci. Wanda bai da NCE a buɗe masa hanyar yin ta lokacin hutu, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna dama don irin wannan karatu daga nesa aka kafa ta. In gurbi ya fito a gwada su a gaban aji, wanda ya ci a ba shi makarantar garinsu, domin shi ba zai nemi canjin wurin aiki ba.

Inda tsaro ya taɓarɓare nauyin ya ninka. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, da 'yan mata 279 na Jangebe a Fabrairun 2021, da yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayun shekarar, da na Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun a watan Maris na 2024, malamin da ke zuwa daga nesa yana da hujjar da ba mai iya musa masa in ya ce hanyar ba ta biyuwa. A Arewa maso Gabas UNICEF ta ce daga 2009 zuwa 2017 an kashe malamai 2,295, wasu 19,000 sun bar muhallinsu. A irin waɗannan wurare wanda ya rage shi ne wanda ba shi da inda za shi, domin nan ne gidansu. Shi ke sauraron labarin da masu dawowa daga daji suka kawo, ya yanke shawara da mai unguwa ko yau a buɗe ko a bari. In garin ya tashi gaba ɗaya aka koma gudun hijira a hedikwatar ƙaramar hukuma, sau da yawa shi ne za ka gani ya tara yaran garinsu a barandar wata makaranta bayan 'yan gari sun tashi, yana kiran suna daga tsohuwar rajistar da ya tsere da ita.

Wajen ƙarfe ɗaya ake tashi. Daga nan ranar malamin sa-kai ta biyu ke farawa, wadda ita ke ciyar da gidansa: gona in damina ce, fadama in rani ne, ko acaɓa, ko rumfar cajin waya, ko ɗinki. Wasu da la'asar suna Islamiyya, ita ma kusan kyauta. Da daddare 'yan aji shida da ke shirin jarrabawar shiga sakandare kan zo zaurensa, a kunna fitilar sola ko tocilan ɗin waya, a yi bitar rabawa da sau har barci ya fara ɗaukar ƙananan. Ofishin hedimasta ba shi da kwaɗo, don haka rajista da ragowar alli a gidansa suke kwana, cikin ledar da ya adana takardarsa ta NCE. Kafin ya kwanta yakan zazzage kwalin ya ƙirga, ya ga ko zai kai ranar kasuwa.